Haƙori Na Sha Ɗaya

Ruwan Vernonia ba ya sallama, ba ya ban kwana.
Tun Talata yake bisa kwanon rumfar Orvel,
ni kuwa ina ƙarƙashi, fitila ɗaure a goshi,
sarƙar injin yankan itace a matse gabana,
haƙora talatin da shida, duk sun dakushe.
Jiya ta ciji dutse a gindin wani tsohon itace.
Ta daina tofar da sassaƙe,
sai gari mai laushi kamar an tankaɗe.

Na ɗiga jan fenti a haƙorin farko,
kada in zagayo in wuce ƙofar gida ban sani ba.

Magagari mai zagaye kowa ma ya iya shi:
ka ɗora, ka tura, ka tafi shan shayinka.
Wannan mai kusurwa ba ya yafe wa kowa.
Sai kusurwarsa ta hau kusurwar haƙori cif.
In ta haura da faɗin gashi,
baki ya fito kamar na shaho, ya karye a saran farko.
In ta sauka, ka yi aikin baban giwa.
Daga waje ake tura shi ciki,
hannu a karkace, numfashi a riƙe,
ɗaya, biyu, uku,
ƙarfe na tsaki a ƙarƙashin ƙarfe.

Shekarata ta farko na kashe masa sarƙa bakwai.
Bai yi faɗa ba.
Ya rataye su a ƙusa, jere, inda zan riƙa gani,
ya ce, "Bar kallon hannunka. Kalli kusurwa."

Ban taɓa gaya masa ni ɗan maƙera ne ba,
cewa a Ɗambatta mahaifina Jatau
kan gwada bakin lauje a farcen babban yatsa
ya saurara, kamar laujen zai yi magana.
Ina ɗan sha huɗu na gudu daga zugazugi,
na rantse ba ni ba ƙarfe har abada.
An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.
Nawa bai bar ni ba. Biyo ni ya yi,
ya tsallake teku ba fasfo,
ya iske ni a dajin Oregon da rigar ruwa,
ya damƙa mini magagari.

Yanzu yana ta rufe idon Orvel.
Shekara saba'in da tara,
yana zaune kan bokitin mai da aka kife,
hannun nan mai yatsa huɗu a kan gwiwa,
kai a sunkuye wajen da sautin ke fitowa.
Kusurwar da ya yi shekara hamsin yana kallo
ta shige masa cikin hazo.

Ina kan na sha biyu ya ɗaga yatsa.
"Koma baya. Wancan bai yi ba."
Na ce na duba, ya yi.
Ya ce, "Na ji shi. Koma."
Na kawo fitila kusa, na runtse ido ɗaya:
ga shi kuwa, ɗan baki ya leƙo a gefe,
bai kai ƙwayar gero ba.

Tura biyu. Na hure garin ƙarfe.
Ya miƙo hannu, na kai masa shi kan haƙorin,
ya shafa da babban yatsa, a hankali,
sannan ya goga a farce,
ya saurara.

Na juya fuska wajen ruwan sama
har sai da maƙogwarona ya sake ni.

Saura ashirin da huɗu kafin jan fenti ya dawo.
Gobe da asuba za mu hau tudu,
shi ya zauna a mota da gilas a sauke,
ni in shiga cikin itatuwan,
in kawo masa sassaƙe cike da tafi ya taɓa.